Zuciyar Maras Lafiya Amana Ce a Hannunku

'Ya'yana ma'aikatan jinya da ungozomomi na Funtuwa da Malumfashi, da na Bakori, Ɗanja, Kafur, Ƙanƙara, Faskari, Ɗandume da Sabuwa, har da ku da kuke kan karatu ba ku kai ga kama aiki ba: 

Na tsufa a wannan aiki, kuma abin da ya sa na zauna rubuta muku wannan takarda shi ne wasu ƙananan kurakurai da nake ganin suna ta maimaituwa a hannun yara masu ilimi da ƙwazo, musamman wajen jinyar masu ciwon zuciya da hawan jini. Karatu kam kuna da shi. Abin da muka sha wahalar nema a zamaninmu, ku yana cikin wayarku. Abin da nake so in ƙara muku sai an daɗe a bakin gado ake gane shi: maganin zuciya ba ya aiki shi kaɗai. Yana bukatar wanda zai auna kafin a ba da shi, da wanda zai sa ido bayan an sha, da wanda zai yi wa mutanen gida bayani da harshen da suke ji. Likita zai rubuta ya wuce gado na gaba, ku ne za ku kwana da maras lafiya. Waɗannan ayyuka uku a wuyanku suke.

Ku fara da cire wa ranku cewa ciwon zuciya na attajiran birni ne. A wannan ƙasa tamu ta masara da auduga da rake, mutum uku ne za ku riƙa gani a kai a kai. Akwai magidanci manomi wanda hawan jini ya daɗe yana cin sa a ɓoye har zuciyarsa ta gaji. Akwai mai jego wadda ta sauka lafiya, aka sha suna, sai haki da kumburi suka taso mata. Akwai kuma yaro ko budurwa da ciwon maƙogwaro na ƙuruciya ya lalata wa ƙofofin zuciya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum biliyan 1.3 ne ke da hawan jini a duniya, kuma kusan rabinsu ba su san suna da shi ba. Idan haka lissafin yake a duniya baki ɗaya, ku auna yadda zai kasance a ƙauyen da sai an yi doguwar tafiya a kan babur kafin a ga abin awon jini.

Batun mai jego kuwa, sunan Malumfashi ya daɗe da shiga littattafan likitocin duniya a kansa. A shekarar 1974, likitoci Davidson da Parry na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, tare da abokan aikinsu, suka wallafa bincike a mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza a kusa da haihuwa. Suka tarar cutar ta fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, inda ake tsananta wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da shan kunun kanwa. Bayanin da suka bayar shi ne kanwa na ɗauke da gishirin da ke tara ruwa a jiki, zafi kuma na ƙara wa zuciya aiki. Bayan shekaru arba'in da wani abu, Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranci wani babban bincike a asibitocin Najeriya, sakamakonsa ya fito a 2020. Binciken ya nuna cutar ta fi yawa a Arewa maso Yamma, a Kano ma tana kama mace ɗaya cikin kowace haihuwa 96. Sai dai abubuwan da suka fi tafiya da ita a wannan binciken su ne rama, da rashin sana'a, da rashin karatun boko, da hawan jinin ciki. Wanka da kunu ba su fito a matsayin tushen cutar ba.

'Yata, ki ɗauki darasi biyu daga nan. Na farko, kada ki tsaya a gaban tsohuwa ki ce mata al'adarta ce ke kashe mata 'ya. Ba ki da cikakkiyar hujjar faɗin haka, kuma ranar da kika faɗa, ba za a sake kawo miki mai jego daga gidan ba sai ta galabaita. Na biyu, kada ki yi shiru, domin zuciyar da ta riga ta raunana ba ta iya ɗaukar gishirin kanwa da tururin ruwan zafi safe da yamma har kwana arba'in. Ki ja tsohuwar gefe, ki gaishe ta da kyau, ki ce: "Inna, 'yar nan taki zuciyarta ta gaji da ɗawainiyar ciki. A sirka mata ruwan wanka, a cire kanwa daga kunu, a ƙara mata wake da ƙwai da nono." Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Uwar da kika girmama ita ce za ta tsare miki lokacin shan magani a gida.

Ki kuma kiyayi kalmar nan da ke rufe ido, wato "ai jego ne". Mai jegon da ba ta iya kwanciya sai ta jingina, ko tari ke tashin ta cikin dare, ko haki ke kama ta daga ɗaki zuwa madafi, likita take bukata a ranar. Cutar na iya tasowa a watan ƙarshe na ciki, tana kuma iya jira sai watanni bayan haihuwa. Da magani da haƙuri, mata da dama zuciyarsu na komawa daidai, amma sabon ciki a kan zuciyar da ba ta warware ba hatsari ne babba. Don haka ki nemi a kira maigidanta, a zauna da shi cikin mutunci, a gaya masa cewa sai an sake ɗaukar hoton zuciyar an ga halin da take ciki kafin a yi maganar wani cikin. A wajen awo ma kada wata mai ciki ta fita ba a auna jininta ba. Jinin da ya kai 140 a kan 90 bayan mako ashirin na ciki, musamman in akwai alama a gwajin fitsari ko ciwon kai da gani dishi-dishi, hanyar jijjiga ce, kuma tare ta tun a nan ya fi sauƙi. Tun ran gini, ran zane.

Don ku gane dalilin kowane abu da kuke yi a bakin gado, ku tuna injin ban-ruwa na 'yan fadama. Idan ya yi rauni, ruwa na taruwa a bayansa, gonar da ke gabansa kuma ta zauna da ƙishi. Haka zuciyar da ta gaza. Ruwa ya taru a huhu ya kawo haki da tari, ya taru a ƙafa da ciki da hanta ya kawo kumburi, ƙoda da ƙwaƙwalwa kuma su rasa isasshen jini, fitsari ya ragu, mutum ya fara rikicewa. Wanda ya fahimci wannan ba zai kwantar da mai haki ya miƙe ba. Zai zaunar da shi, ya tokare masa baya da matasai, ya ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur, ya sa masa iskar oksijin in ana bukata kuma akwai, sannan ya kira likita.

Wanda ya fahimci wannan kuma zai ji tsoron ƙarin ruwa. Kun san mutanenmu, in ba a rataya leda an ga ruwa na ɗiga ba, gani suke ba a fara magani ba. Za su roƙe ku, wani ma ya ce zai biya ko nawa ne. Ɗana, kada kunyar dattijo ta sa ka ɗaura ruwa ga mutumin da ruwa ne ya riga ya cika masa huhu. Leda ɗaya da aka sake wa gudu ta isa ta tsayar masa da numfashi a gaban idonka. In likita ya rubuta ruwan don wani dalili, ka ƙirga ɗigon, ka dawo ka sake ƙirgawa, ka kuma gargaɗi masu jinya kada wani ya taɓa don ya ƙare da wuri. Ka bayyana musu a hankali cewa ciwon baba na yawan ruwa ne, aikinmu yau rage shi.

Sikeli abokin aikinku ne da aka fi mantawa da shi. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, saboda haka nauyin maras lafiya na gaya muku ko magani na ci tun kafin ido ya gani. Ku auna shi kowace safiya, bayan ya yi fitsari, kafin ya karya, a kan sikeli ɗaya. Ƙarin kilo biyu cikin kwana uku ruwa ne ke dawowa. Ku rubuta abin da ya sha da abin da ya fitar, har da kunu da fura da shayi, ku koya wa mai jinya tara fitsari a mazubi mai awo. Wanda ya daɗe a kwance, ku duba ƙugunsa da ƙasan bayansa, domin can ruwan ke komawa ya bar ƙafa ta yaudare ku. Abin da ba ku auna ba kuma kada ku rubuta shi. Lambar da aka cika takarda da ita don a rufe aikin dare, likita zai gina hukunci a kanta da safe.

Awon jini ma yana da ladubbansa. Manomin da ya sauko daga babur a cikin rana, ya tauna goro a hanya, ya shigo da fargabar asibiti, ba a ɗaura masa abin awo nan take. A bar shi ya zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a ajiye daidai ƙirji, ba ya magana. A duba girman maɗaurin, domin ƙarami a kan babban dantse na ƙara lamba. A maimaita awon, a kuma sake dubawa a wata ranar kafin a ɗora wa mutum sunan mai hawan jini. Idan jinin ya kai 180 a kan 120 tare da ciwon ƙirji, ko rikicewa, ko haki, wannan na gaggawa ne. Amma ko a nan kada ku yi gaggawar faɗo da shi da ƙwayar nifedifin mai saurin aiki a ƙarƙashin harshe. Jinin da ya faɗi lokaci guda na iya hana ƙwaƙwalwa rabonta ya jawo shanyewar ɓarin jikin da ake gudu. Garin neman gira kada a rasa ido.

Yanzu ga magungunan kansu. Lasix, wanda marasa lafiya ke kira maganin fitsari, shi ne kuka fi taɓawa. Ku ba da shi da safe, in sau biyu ne na biyun ya kasance kafin la'asar, domin tsohon da ke tashi fitsari cikin duhu yana jiri shi ne ke faɗuwa ya karye. Ku tuna cewa yana fitar da sinadarin fotasiyam tare da ruwa, kuma ƙarancinsa na kawo kasala da ɗaurewar tsoka da rikicewar bugun zuciya. Mai gudawa ko amai, a sanar da likita kafin a ci gaba da ba shi. In kuma an rubuta fotasiyam ta jijiya, a cikin leda ake haɗa shi ya tafi a hankali. Ba a taɓa tura shi kai tsaye da sirinji, domin yana tsayar da zuciya nan take. Wannan doka ku riƙe ta har ranar da za ku ajiye aiki.

Digoksin tsohon magani ne, asalinsa daga wani tsiro ne da likitan Ingila William Withering ya yi rubutu a kansa tun 1785, kuma tazarar da ke tsakanin amfaninsa da gubarsa 'yar kaɗan ce. 'Yata, kafin ki miƙa ƙwayar, ki ƙirga bugun zuciyar na minti ɗaya cikakke. In bai kai 60 ba ga babban mutum, ki dakata ki kira likita. Maras lafiyar da ke shan sa ya daina cin abinci, ko yana tashin zuciya da amai, ko ya ce yana ganin abubuwa rawaya-rawaya, kada ki ce zazzaɓin cizon sauro ne ki wuce. Ki fara zargin maganin, musamman in tsoho ne, ko mai ciwon ƙoda, ko wanda Lasix ya rage wa fotasiyam. Haka magungunan da ke sassauta bugun zuciya irin su atenolol da bisofurolol da kabedilol: a auna bugu da jini kafin a ba da su, a tambaya ko akwai asma, a kuma gargaɗi mai shan su kada ya yanke su rana ɗaya.

Lisinofiril da 'yan uwansa suna kare zuciya da ƙoda, amma suna sa wa wasu busasshen tari da ba ya jin maganin tari. Na ga waɗanda suka ƙarar da kuɗin buhun masara a kan kwalaben maganin tari, alhali sauya ƙwaya ɗaya ne maganin abin. Kumburin leɓe ko harshe ga mai shan su gaggawa ce. Ba a ba mai ciki su ko kaɗan, domin suna cutar da ɗan tayi, don haka duk macen da ke shekarun haihuwa ku tambaye ta cikin sirri, ku gaya mata ta zo da zarar ta yi ɓatan wata a mayar da ita kan irin su Aldomet. In aka haɗa lisinofiril ko 'yan uwansa da sifironolakton, fotasiyam na iya yin yawa, sai da gwajin jini lokaci-lokaci. Amlodifin kuwa ya dace da jikinmu. Wani bincike da Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta a ƙasashen Afirka shida, wanda ya fito a 2019, ya nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi sauko da jinin baƙar fata. Sai dai yakan kumbura idon sawu, kuma wanda ba a gaya wa haka tun farko ba, ranar da ya ga ƙafarsa ta tasa zai jefar da maganin.

Warfarin, mai tsinka jini, shi ne ya fi bukatar dogon bayani. Mai shan sa sai da gwajin jini a kai a kai. Ku koya masa alamomin zubar jini: dasashi, haɓo, baƙin bayan gida, jan fitsari. Ku gaya masa cewa zogale da rama da alayyahu ba haramun ba ne a gare shi, amma ya riƙa ci daidai gwargwado kullum, domin cin su da yawa yau a daina gobe na rikita aikin maganin. Flagyl da Septrin, da ake saye a kemis don ɗan ciwon ciki, suna ƙara masa ƙarfi har ya kai ga zubar jini. Kaho da sakiya da shasshawa duk ya bar su.

Ranar sallama ita ce ranar da aka fi asarar marasa lafiya, domin a ranar kowa na sauri. Ku zauna. Ku buɗe ledar maganin ku fito da su ɗaya bayan ɗaya, ku ɗaura kowane da lokacin salla: wannan bayan asuba, wannan bayan azahar, wannan bayan isha'i. Wanda ba ya karatun boko ku yi masa alama, ko ku rubuta masa da ajami in kun iya. Sannan ku ce ya maimaita muku da bakinsa, a gaban ɗansa ko matarsa. Ku faɗa masa ƙarara cewa hawan jini ba ya ƙarewa da kwalin magani. "Na ji sauƙi, shi ya sa na daina" ita ce maganar da za ku fi ji daga bakin waɗanda aka dawo da su a kwance, baki ya karkace, hannu ya saki. Sauƙin da ya ji, maganin ne ya kawo shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ku kuma san lissafin aljihun mutanenku. Da kaka, lokacin da kasuwannin Ɗandume da Bakori ke cike da hatsi, akwai kuɗin magani. A tsakiyar damina, an kai kuɗi taki da ƙwadago, rumbu ya yi ƙasa, magani ne farkon abin da ake ajiyewa, ko a riƙa sha yau a tsallake gobe. Ku tambayi mutum cikin sirri ko zai iya sayen abin da aka rubuta, ku kai wa likita amsar, domin magani mai sauƙin kuɗi da za a sha kullum ya fi mai tsada da za a sha mako biyu. Ku ba shi shawarar ya tanadi na 'yan watanni da kaka, daga kantin magani mai rajista, mai lambar NAFDAC, ya duba ranar lalacewa, ya ajiye nesa da zafi. Waɗanda rashin tsaro ya raba da garuruwansu a yankunan Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sukan zo ba kati, ba sunan magani. Ku koya wa kowa ajiye fankon kwali, ko ɗaukar hotonsa a waya.

Sannan ku tambayi abin da yake sha wanda likita bai rubuta ba. Manomin da ya wuni a duƙe zai biya kemis da yamma a haɗa masa maganin ciwon jiki, kuma mafi yawan haɗin akwai dikilofenak ko ibufurofen ko Felvin a ciki. Waɗannan suna riƙe gishiri da ruwa, suna ɗaga jini, suna gajiyar da ƙoda, suna warware duk abin da kuka ƙulla a asibiti. Farasitamol ya fi masa aminci. 'Yan mata masu shan ƙwayoyin ƙiba, da samari masu kwankwaɗar lemukan ƙara kuzari da taba, su ma ku yi musu magana. Jiƙe-jiƙen gida kuma ku tambaya ba tare da ɓata fuska ba, domin wanda kuka kunyata zai ɓoye muku ya ci gaba da sha. Gishiri kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce giram 5 a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Cewa maigida ya rage gishiri ba ta wadatar, domin ba shi ke girki ba. A kira uwargida a gaya mata cewa dunƙulen ɗanɗano da kanwa da yajin da aka daka da gishiri duk suna cikin lissafi, kuma daddawa da albasa da tafarnuwa da citta na iya ɗaga miya. In watan azumi ya kusa, ku tura masu ciwon zuciya wurin likita tun cikin Sha'aban. Wasu magungunan ana iya mayar da su sahur ko buɗa-baki, wasu marasa lafiyar kuma suna cikin waɗanda addini ya yi wa rangwame.

Kada ku manta da yara. Ciwon maƙogwaro da zazzaɓi ga ɗan shekara 5 zuwa 15, in na ƙwayar cutar da ke taɓa zuciya ne aka bar shi ba magani, yana iya komawa ciwon gaɓoɓi mai yawo daga gwiwa zuwa idon sawu, daga nan ya lalata ƙofofin zuciya. Yarinyar da aka yi sakaci da maƙogwaronta yau ita ce za ta zo muku da haki a cikinta na fari. Fenisilin mai araha ya isa ya tare wannan. Wanda cutar ta riga ta taɓa kuwa, allurar fenisilin ce duk mako uku ko huɗu, shekara da shekaru. Ku buɗe musu littafi, wanda bai zo ba ku neme shi. Allurar na da zafi, yaron da aka yi wa tsawa ba zai yarda ya dawo ba. Rigakafi ya fi magani.

Ɗana, ka san iyakarka. A unguwa za a kira ka likita, a zo maka da dare a ce ƙafar inna ta kumbura, ka zo ka yi mata allurar fitsari. Kumburi na iya zama na ƙoda, ko na hanta, ko na rashin abinci, kuma allurar da ka yi a zaure ba tare da gwaji ba za ta jinkirta gano ciwon, in ma ba ta ƙara shi ba. Taimakon da za ka yi musu shi ne ka auna, ka ba da shawara, ka raka su asibiti. Wanda bakinsa ya karkace ko maganarsa ta harɗe, kada a ɗura masa ruwa ko kunu sai an tabbatar yana iya haɗiya, kada kuma a ba shi Vasoprin sai likita ya ce, domin wata shanyewar ta fashewar jijiya ce. In abu ya fi ƙarfin inda kake, ka tura da wuri zuwa babban asibiti, daga can zuwa Shika ko Kano ko Katsina. Ka rubuta takarda mai ɗauke da awon jini, da maganin da aka bayar, da adadinsa, da lokacinsa. In rubutun likita bai fito ba, ko adadin ya yi maka yawa a ido, ka tambaya ko da ƙarfe biyun dare ne. Matambayi ba ya ɓata, kuma likitan kirki zai gode maka.

Na san ba a cikin sauƙi kuke aikin nan ba. Gadaje sun fi ku yawa, wuta na ɗaukewa, wani lokaci abin awo ɗaya ne ke zagaya ɗaki guda. Amma mafi yawan abin da na lissafa muku ba ya bukatar komai sai yatsu da agogo da alƙalami da harshe mai daɗi. Mai ciwon zuciya mutum ne mai tsoro, domin ya san abin da ake nufi da numfashi ya ƙi shiga. Ku kira shi baba, ku kira ta inna, ku gaya musu abin da za ku yi kafin ku yi. Ku ma ku riƙa auna jininku, ku auna na iyayenku in kun je gida.

'Ya'yana, ku auna kafin ku ba da magani, ku koma ku duba bayan an sha, kuma kada ku sallami kowa sai shi da iyalinsa sun fahimci abin da ke hannunsu. Ku koya wa na bayanku haka. Allah Ya sa albarka a hannuwanku, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa aikin nan ya zame muku abin alfahari duniya da lahira.